Ɗan Keke, Wa Ya Biya Kuɗin Kwananka?

Ranar wata Alhamis da daddare an ɗauke wuta a hostel kamar yadda aka saba, mu huɗu muka haɗa kai a kan waya ɗaya da ta rage da caji. Abokin ɗakina ne ya kunna mana bidiyon wani Bature da ya taso daga ƙasarsu a kan keke yana nufin Afirka ta Kudu. Ga jakunkuna huɗu rataye gaba da baya, ga tanti ɗaure a kariya, ga fuska rana ta gasa ta yi jawur. Mutumina bai damu da nisan tafiyar ba, lissafin kuɗin ne ya tafi da imaninsa. Baturen yana bugun ƙirji wai ya yi wata guda bai biya kuɗin ɗaki ba, duk inda magariba ta riske shi sai an samu wanda zai ja shi gida, a ba shi ruwan wanka, a ba shi abinci, a yi masa shimfiɗa. Abokina ya miƙe zaune a kan katifa ya ce, "Wallahi ina gama HND sai keke. Ashe yawon duniyar ma kyauta ne, mu muke zaune muna jiran kuɗin jirgi."

Na ce masa ba kyauta ba ne. Ya ce, "To Baturen ƙarya yake yi?" Na ce ko kusa, gaskiya ya faɗa, bai biya ba, amma wani ya biya masa. Musu ya ja mu har wajen ƙarfe ɗaya, wayar ta mutu, sauro ya samu nama, ba wanda ya sallama wa wani. Tunda a ɗaki an fi ni baki, bari in kawo ƙarata gaban sauran ɗalibai, don na san ba shi kaɗai ke wannan mafarkin ba.

Abin da ya gani dai gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. Wani Bajamushe, Heinz Stücke, ya bar garinsu a kan keke a 1962 yana ɗan shekara 22, ya shafe fiye da shekara 50 yana zagaya duniya. Wata 'yar ƙasar Ailan, Dervla Murphy, ta tuƙa nata keken a 1963 daga Turai har Indiya, ta ratsa Iran da Afganistan da Pakistan ita kaɗai. Kwanakin da irin waɗannan suka yi a gidajen mutanen da ba su taɓa sani ba, ba sa lissafuwa. Akwai kuma dalilin da ya sa ƙofa ke saurin buɗe wa mai keke. Mai mota daga birni yake tashi ya sauka a birni, inda akwai otal. Mai keke da kaya kuwa in ya yi ƙoƙari ya ci kilomita 80 zuwa 100 a yini, saboda haka yawanci a tsakanin garuruwa dare ke riskarsa, a ƙauyen da ba otal ba masauki. Ga shi kuma komai nasa a fili: gajiyarsa a fuska, kayansa duka a rataye ana gani, in ma ya yi ɓarna ba gudun da zai yi ya tsira. Wanda ya zo maka a haka tausayi yake fara ba ka kafin tsoro.

Masu keken sun ma tsara abin a tsakaninsu. Akwai ƙungiyar da ake kira Warmshowers, ma'anar sunan wanka da ruwan ɗumi, wato abin da wanda ya wuni yana taka feda ya fi kwaɗayi. Ta faro a 1993 a matsayin ɗan jerin sunayen masu keken da suka yarda su sauki 'yan uwansu, daga baya ta koma intanet. Kowane mai masauki yana rubuta abin da zai iya: wani gado, wani doguwar kujerar falo, wani kuma fili kawai a bayan gida ka kafa tantinka. Ba a karɓar kuɗin kwana. In baƙo ya tafi, shi da mai gida kowa ya rubuta yadda ya ga ɗan'uwansa, na baya su karanta. Sabon shiga yanzu yana biyan dala 30 na rajista, kuma an sha surutu lokacin da aka sa kuɗin. A Kudancin Amurka kuwa akwai gidajen da ake kira casa de ciclistas, gidan masu keke. Wanda ya fi suna yana garin Trujillo a ƙasar Peru, inda wani mai gyaran keke ya buɗe ƙofarsa tun tsakiyar shekarun 1980. A can yankin har ofishin 'yan kwana-kwana masu keke kan je su nemi wurin shimfiɗa, a kuma ba su.

To ina matsalar? Ku duba inda masu masaukin Warmshowers suka yi cincirindo: Turai da Arewacin Amurka. Mutane ne masu ɗakin da ba kowa a ciki, masu famfon da ruwan zafi ke fitowa, kuma da yawansu su ma sun taɓa yin tafiyar ko suna shirin yi. Tsakaninsu abin kamar adashi ne, yau ka zuba gobe ka kwasa. Bafaranshen da ya sauki Bajamushe bana, baɗi wani ɗan Kanada zai sauke shi. Wannan ba ni da ja a kansa.

Amma bidiyon da ya ruɗi abokina ba a Faransa aka ɗauke shi ba, a arewacin Sudan ne kafin yaƙi. Hanyar da ta taso daga Wadi Halfa ta bi Dongola ta nufi Hartum ta yi suna a wurin masu keke, kusan duk wanda ya bi ta da yabon mutanenta yake fitowa. Randunan ruwa a jere a bakin titi ƙarƙashin rumfa, kowa ya zo ya sha. Gadon igiya da suke kira angarib a fito maka da shi tsakar gida. In azumi ne ma har tare hanya Sudaniyawa suke yi gab da magariba, su tilasta wa matafiya su sauko a sha ruwa tare. To wannan mutumin da ya ba da gadonsa ya kwana a tabarma, yaushe zai kwashi nasa adashin? Ba zai hau keke ya je Jamus ba, in ma ya so da wuya a ba shi biza. Kuma ga abin da ya biyo baya: tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu a Sudan, wasu sun tsallaka Chadi, wasu Masar. Mutanen da aka sani da saukar baƙo yau su ne ke neman inda za su raɓa, kuma mun ga ƙofofin da aka buɗe musu da waɗanda aka rufe.

Ko ku ɗauki hanyar tsaunukan Pamir a Tajikistan, wadda kowane mai keke ke burin a ce ya bi. Titin yana hawa har mita 4,655 a mashigar Ak-Baital. A can sama kusan ba abin da ake nomawa, fulawa da sukari da ganyen shayi duk daga nesa mota ke kawo su, makamashi kuwa kashin dabbobi ne da 'yan ƙirare. Shi kuma mai keke cikinsa rijiya ce, wanda ya wuni yana hawan dutse da kaya sai ya tashi da abincin mutum biyu bai ji komai ba. Gurasar da aka ajiye masa ya cinye yana santi, wataƙila ta yaran gidan ce ta gobe da safe. Da mutanen wurin suka ga baƙi sun yi yawa, da dama suka mai da ɗakunansu masaukin biya, kwana da abinci a kan kuɗi kaɗan. Sai ka ji wasu matafiya suna ƙorafi wai karamcin ya lalace, ya zama kasuwanci. Haba jama'a! Keken da ke ƙarƙashinka kuɗinsa ya fi abin da mai gidan ke samu a watanni, amma kai ne kake jin an cuce ka don an ce ka biya kuɗin miya.

Wani lokacin ma abin da mai gida ke biya ya wuce abinci. A ƙasar Sin doka ta ce baƙon ƙasar waje da ya sauka a gidan mutum sai an kai rahotonsa wurin 'yan sanda cikin awa 24. A Myanmar an daɗe ana hana baƙi kwana a gidajen mutane sai a masaukin da ke da lasisi. Baƙo zai ɗaura jakunkunansa da safe ya kama gabansa, in tambaya ta biyo baya ƙofar mai gida za a ƙwanƙwasa. Sannan ba kowace gayyata ce ta kai zuci ba. Mutanen Iran suna da al'adar da suke kira ta'arof: mutum zai ce ka zo gida, mai shago ma zai ce ka bar kuɗinka, amma ladabi shi ne ka ƙi sau biyu ko uku, in ya nace to da gaske yake. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ka tarar da ɗan kwanon da ko shi bai ishe shi ba ya ce maka bismillah, ka san amsar da ake bayarwa. Wanda ya wanke hannu ya zauna kuwa, mun san sunan da ake kiransa a bayan idonsa.

Abokina ya kawo hujjar da ba zan iya turewa ba, gara in faɗe ta. Ya ce ni nake mai da mai gida abin tausayi, alhali shi bai ɗauki kansa haka ba. Mutum yana saukar baƙo don mutuncinsa, don lada, don yaransa su ji labarin wata ƙasa, wani ma don kawai ƙauyen shiru ne ya samu abokin hira. Ka zaro kuɗi ka miƙa masa da safe, ka zage shi. Wannan haka yake. Kakana yana da zauren da ba ya rabo da matafiya, kuma na tabbata da wani ya ce zai biya shi, da ranar ya ga ɓacin ransa. Don haka ban ce a daina sauka a gidajen mutane ba, ban kuma ce a sa wa karamci farashi ba. Abin da na ƙi shi ne mutum ya zauna da biro da takarda tun daga gida ya rubuta masauki sifiri, abinci sifiri, ya gina tafiyarsa gaba ɗaya a kan tukunyar talakan da bai shawarta ba. Wanda dare ya riska a hanya aka taimake shi daban, wanda ya fito da niyyar a ciyar da shi har Afirka ta Kudu daban.

Mu ɗalibai ma bai kamata a yi mana dogon bayani ba, don ba wanda ya kai mu sanin halin baƙo. Wane ɗaki ne a hostel ɗin nan ba shi da ɗan sikwatin? Akwai wanda zai ce maka sati biyu kawai kafin ya samu ɗaki, sai ga shi har jarrabawa. Bokitinka nasa ne, cajarka tasa ce, in ka ɗora Indomie sai ya farka daga barci daidai lokacin saukewa. Akwai kuma wanda kafin ka tashi ya ɗebo ruwa ya share ɗaki, in an turo masa ɗan kuɗi daga gida ya shigo da mudun shinkafa bai ce komai ba, ranar da zai tafi har ka ji ba daɗi. Dukansu ba wanda ya biya kuɗin gado. Bambancin masu keke ma ke nan. Waɗanda suka san abin da suke yi ba sa isa ƙauye hannu rabbana, sai sun tsaya a shagon ƙarshe sun sayi sukari ko ganyen shayi. Ruwa suke fara tambaya da inda za su kafa tanti, su bar mai gida ya ƙara da kansa in yana da hali. Suna tafe da rishonsu da abincinsu, in suka lura tukunyar gidan ƙarama ce su ce sun ƙoshi, ko su kawo nasu a haɗa. In akwai keken yaro da tayarsa ta yi faci ko birkinsa ya saki, ga kayan aiki a jaka. Kwana ɗaya su wuce. Addini ma da ya yi umarni a girmama baƙo ya sa wa baƙunci iyakar kwana uku, ya kuma hana baƙo zaman da zai ƙuntata wa mai gida. Ai shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne.

Sai maganar kyamara, wadda ita ce sabuwar fitina. Da can baƙo ya ci ya tafi da labari a bakinsa. Yanzu yana shiga da kyamara a goshi, ya ɗauki matar gida tana girki, ya ɗauki rufin da ke yoyo, ya ɗauki yara ba riga, ya ɗora a YouTube, talla ta biya shi. Mai gida bai san fuskar iyalinsa ta zagaya duniya ba. An yi ciniki da kayansa ba da saninsa ba, an kuma bar shi da godiyar baki. Raina abin da aka ba ka kuwa tsohon ciwon matafiya ne. Ibn Baɗuɗa da ya iso Walata a 1352 aka tarbe shi da dakakken gero da zuma da nono a ƙwarya, wato dai ɗan'uwan furarmu, sai ya raina liyafar har ya so ya juya. Ya yi sa'a lokacin ba Facebook, da mun yi masa ca.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafar mu, wanda abokina bai so ji ba. Ƙofar da ta buɗe wa Baturen nan ba lallai ta buɗe mana haka ba. Mai fasfon Jamus yana shiga ƙasashe kusan 190 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, mai koren fasfonmu kuwa bai kai 50 ba. In kana son bizar Shengen ta Turai za ka biya yuro 90 da ba a mayarwa ko an hana ka, ka kawo inshorar lafiya, ka nuna kuɗi a asusu, ka kuma nuna inda za ka kwana. Je ka gaya wa ma'aikacin ofishin jakadanci cewa duk inda dare ya yi maka Allah zai kawo mai masauki, ka ga kallon da zai yi maka. Waɗanda ma suka kai takardu cikakku da kyar suke sha, don a 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya masu neman wannan biza hana su ake yi.

Ko a nan Afirka labarin ba ɗaya ba ne. Ku tuna Mamadou Safayou Barry, matashin nan ɗan ƙasar Gini mai shekara 25 da ya hau keke a watan Mayun 2023 yana nufin Jami'ar Azhar a Alƙahira saboda ba shi da kuɗin jirgi. Ya yi wata huɗu a hanya, kimanin kilomita 4,000, ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi. Sau uku ana tsare shi, biyu a Burkina Faso ɗaya a Togo. Baturen da ya iso shingen jami'an tsaro a kan keke ɗan yawon buɗe ido ne, har hoto ake yi da shi. Baƙar fatar da ya iso da ƙullin kaya a kariya abin zargi ne sai ya wanke kansa. Amma ku dubi yadda tafiyar ta ƙare. A Chadi wani ɗan jarida ya yi hira da shi, labarin ya bazu, mutanen da ba su san shi ba suka haɗa masa kuɗin jirgi ya tsallake yaƙin Sudan. Ya isa Alƙahira ranar 5 ga Satumba, jami'ar ta ɗauke shi ta kuma ba shi tallafin karatu. Shi ma alherin mutane ne ya kai shi, sai dai ba neman banza ya fito da shi daga gida ba.

Haɗari kuma yana nan, kada bidiyo ya rufe mana ido. Ranar 29 ga Yulin 2018 wasu mahara suka bi ta kan ayarin masu keke da mota a yankin Danghara na Tajikistan, mutum huɗu suka mutu. A kan titi wannan ya faru, amma cikin gida ma ba kullum ake dacewa ba, musamman ga mace. Dervla Murphy da ƙaramar bindiga ta yi tafiyarta, kuma ta harba ta fiye da sau ɗaya. 'Yan uwa mata masu wannan sha'awar, don na san akwai ku, shawarata ku nemi gidan da ke da mata da yara, ku shiga ta hannun uwar gida, in kuma zuciya ba ta kwanta ba ku ɗaure kayanku ba tare da jin kunyar kowa ba.

To shi ke nan mu haƙura? A'a. Bature ya fi mu fasfo, amma akwai inda muka fi shi gida. Tun kafin a ƙera keke kakanninmu fatake suke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni da jakuna. A manyan zanguna akwai fatoma, mai masaukin da zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da abokin ciniki, ya tsaya masa in rigima ta taso, shi kuma ya samu la'adarsa. Kowa ya san abin da ke kansa, shi ya sa tsarin ya daɗe. Waɗannan zangunan ba su mutu ba. Daga Legas zuwa Akra ta bakin teku bai kai kilomita 500 ba, wato tafiyar mako guda ga mai keken da ba ya gaggawa, kuma a Kwatano da Lome da Akra duk akwai unguwannin zango da za ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa. In ka ƙara gaba ga Kumasi, ga Salaga ita kanta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza, fasfo da katin rigakafin shawara za ka riƙe. Hanyoyin Sahel dai a bar su tukuna, kowa ya san halin da ake ciki.

Amma ko a zango ba a faɗo wa mutane kamar daga sama, baƙon da babu sallama mugu ne. Ana fara zuwa wurin sarkin zango ko limamin unguwa, a gabatar da kai, a nuna katin makaranta, a faɗi inda aka fito da ranar da za a wuce. A kuma tuna mutanen Nima da Sabon Zango a Akra a cunkushe suke, wani ɗaki ɗaya yake haya da iyalinsa. Jin Hausa bai sa ka zama nauyin da ya wajaba a kansu ba.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai kuwa ina da roƙo biyu, kuma ba wanda ke buƙatar kasafin kuɗi. Na farko takardar gabatarwa mai hatimi, da Turanci da Faransanci, ga duk ɗalibin da zai yi irin wannan tafiya lokacin hutu, don a shingen jami'an tsaro takarda mai hatimi tana aikin da rantsuwa ba ta yi. Na biyu, mu ma mu shiga adashin. A buɗe rajistar ɗalibai da malaman da za su iya saukar matafiyi na dare ɗaya, da sanin hukumar makaranta da masu gadi, ko mai keke ne daga Kamaru ko ɗalibin wata makarantar da mota ta lalace masa a hanya. Ga 'yan Mekanikal nan da sifanu da injin walda, ba keken da zai gagare su. In muna son ranar da ɗayanmu ya yi sallama a Lome a ce masa shigo, ya kamata a ce akwai ɗan Lomen da ya taɓa kwana a nan.

Abokin nawa dai bai fasa ba, har ya fara zagayen masu sayar da keken gwanjo yana taya wani mai giya. Jiya na tambaye shi, in yau da magariba wani ɗan Mali ya tsaya a ƙofar gidansu da keke, ƙura har gira, ba ya jin Hausa ba ya jin Turanci, a wane ɗaki za a sa shi, kuma tuwon wa za a ba shi? Ya yi shiru, can ya ce ɗakin ƙannensa ya cika, zauren kuma babansu ya mai da shi shago. Ya ce zai tuntuɓi Hajiyarsu in an yi hutu.